Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano kan allurar fari da ƙarin ruwa a gidajen gyaran jiki

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da ke wuyanka, na rubuto ne domin in jawo hankalin ma'aikatarka ga wata sana'a da ta yi girma a birnin nan ba tare da ta shiga kundin kowace hukuma ba, wato sana'ar yi wa mata allura da ƙarin ruwa da sunan gyaran jiki. Ana yin ta a ɗakunan da ke bayan shagunan kwalliya, da cikin gidajen aure, da ɗakunan otel da ake kamawa na yini ɗaya, kuma mafi yawan masu yin ta ba su taɓa zama a ajin koyon likitanci ko na jinya ba. Na yi shekaru ina aikin jinya da ungozoma, don haka ina magana ne a kan jikin da na sani, da irin abin da yake iya ɗauka da wanda ba ya iyawa.

Gyaran jiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun yi lalle da kurkur, an yi wa amare dilka da halawa da turaren tsuguno kamar yadda muka koya daga 'yan'uwanmu na Barno da Sudan, kuma babu wanda ya kai ƙarar wannan gaban hukuma, domin duk abin da ake yi a bayan fata yake tsayawa. Abin da ya sauya cikin 'yan shekarun nan shi ne mai gyaran jikin ta ɗauki sirinji. Yau amaryar da aka kai gyara ana iya jona mata ledar ruwa mai ɗauke da glutathione a jijiya don ta yi haske kafin ranar ɗaurin aure, ana iya tsira mata allurar cika leɓe ko kumatu, ana iya ɗura mata wani ruwa mai kauri a mazaunai wanda ita kanta mai ɗurawar ba ta san sunansa na gaskiya ba. Ana tallata wannan a fili a TikTok da Instagram, da farashi da lambar waya da hoton kafin da bayan, kamar ana tallar atamfa.

Ranka ya daɗe, kai likitoci ne ke kewaye da kai, amma tun da wasiƙar buɗaɗɗiya ce, bari in faɗi abin da waɗannan abubuwa suke yi domin masu karatu. Duk maganin da aka zuba kai tsaye cikin jijiya yana iya tayar da mummunan borin jini cikin mintuna kaɗan, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi, kuma abin da ke ceton rai a wannan lokaci shi ne allurar adrenaline da iskar oksijin da hannun wanda ya saba. Babu ɗaya daga cikin ukun a bayan shagon kwalliya. Shi glutathione ɗin da ake yayi, hukumomin magunguna na Amurka da Filifin sun yi gargaɗi a kan amfani da allurarsa don sauya launin fata, saboda ba a amince da shi don wannan aiki ba, kuma akwai fargabar illarsa ga ƙoda da hanta. Allurar cika fuska kuwa, idan bakinta ya faɗa cikin jijiyar jini, tana toshe ta, naman wurin ya mutu ya yi baƙi, wani lokaci ma ido ya makance nan take. Silikon na masana'anta da sauran mayukan da ake ɗurawa a mazaunai ba sa zama inda aka ajiye su. Suna gangarawa cinya, su dunƙule su yi tauri, su riƙa ruɓewa suna fashewa shekara da shekaru, kuma idan suka bi jini suka isa huhu, mutuwa ce ta gaggawa. Likitan tiyata ba ya iya tsame su sai ya haɗa da naman da suka cuɗanya da shi. A kan wannan duka ga haɗarin allurar da aka maimaita wa mutum biyu, wadda ke ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki daga wannan zuwa waccan.

Ko a hannun likita na gaskiya, wannan aiki ba wasa ba ne. 'Yan Najeriya ba su manta da Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa mai ci a lokacin, wadda ta rasu a watan Oktoba na 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse a wani asibiti a ƙasar Sifaniya, har kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci a 2009 ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Tiyatar ƙarin mazaunai da ake kira BBL, wadda ake ɗebo kitse daga ciki a mayar baya, wani kwamitin likitocin tiyatar gyaran jiki ya ƙiyasta a 2017 cewa tana kashe kusan mutum 1 cikin 3,000, adadin da ya sa aka ɗauke ta mafi haɗari a fannin, aka kuma sauya ƙa'idar yin ta don kada a riƙa kai kitsen cikin tsoka inda manyan jijiyoyi suke. Likitan da ya cancanci yin irin wannan aiki sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki, sannan ya ƙara wasu shekaru masu yawa yana koyon tiyata kafin kwalejin ƙwararru ta ba shi shaida. Idan masu wannan ilimi suna rasa marasa lafiya a ɗakin tiyata mai injin numfashi, me za a ce da wadda ta yi kwas na mako biyu ta intanet, aka turo mata takardar shaida a WhatsApp ta buga ta rataye a bango?

Allura ita ce sabon salo, amma tushen abin yana cikin kwalbar mai da ƙwayar da ake haɗiya. Masu haɗin mai suna zuba clobetasol ko betamethasone, waɗanda magunguna ne masu ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don cutar fata, su gauraya da hydroquinone fiye da kashi 2 cikin 100 da ƙa'idar NAFDAC ta yarda da shi, wani lokaci har da sinadarin makuri (mercury) mai guba, su juye a robar da ba ta da suna ko lambar rajista, su ce na ganye ne zalla. Watannin farko fata takan yi haske da sheƙi, mai saye ta ƙara saye. Daga nan sai fatar ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana kore, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hannu, makero da ƙuraje su samu wurin zama, fuska ta yi baƙin tabon da ba ya gogewa. Mu da ke ɗakin haihuwa mun san wannan fata tun kafin a gaya mana, domin idan aka yi wa mace tiyatar ciro jariri zare ba ya kama ta da kyau, ɗinki ya buɗe, ciwon ya daɗe bai warke ba. Makuri kuma yana ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyin kwanya, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki. Wanda ya taɓa ganin layin masu jiran wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya ji abin da iyali suke kashewa kowane mako, ba zai ɗauki wannan ƙaramar magana ba.

Haka nan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine ko haɗin biyun. Yarinya siririya da ake yi wa gori a gida takan sayo su a kemis da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Fuska ta cika ta yi zagaye, ciki ya fito, a yi mata murna an ce ta yi kyau, alhali ruwa ne da kitsen cuta, kuma a bayansu hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi suna tafe. Akwai abin da ya kamata kowa ya sani a nan: wadda ta daɗe tana shan dexamethasone, ko tana shafe jikinta duka da mai irinsa kamar clobetasol, jikinta yakan daina samar da nasa sinadarin, don haka idan ta yanke rana ɗaya tana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Sai likita ya janye mata shi sannu a hankali. Zan dawo kan wannan idan na zo roƙona.

Ba na cewa hukumomi sun yi barci. A nan Kano ne, a watan Fabrairu na 2023, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. A 2024 an ga yadda NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani a Sabon Gari domin a koma kasuwar magani ta Dangwauro. A Legas, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta rufe wani asibitin gyaran jiki a 2020 bayan koke-koken waɗanda aka yi wa aiki. Maƙwabtanmu ma sun motsa: Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ghana ta hana masu hydroquinone a 2016. Sai dai idan ka duba da kyau, kowace hukuma tana da iyakar gonarta. NAFDAC da kwalba da abin da ke cikinta take aiki. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, likitan da ke cikin rajistarta take ladabtarwa, wanda ba likita ba kuwa sai 'yan sanda, su kuma sai an kai musu ƙara. Hukumar masu harhaɗa magunguna kemis take dubawa. Hukumar PHIMA ta jiharmu mai kula da asibitoci masu zaman kansu, wadda muka shaida tana rufe asibitocin bogi, an san ta ne da asibitoci da ɗakunan shan magani da na gwaje-gwaje. Mai gidan gyaran jiki ba ta kiran kanta asibiti, ba ta kiran kanta kemis, ba ta kiran kanta likita a takarda, saboda haka ba ta zuwa rajista wurin kowa, kowa kuma yana ganin ta ɗan'uwansa ce. A cikin wannan rata ake jona wa 'ya'yan mutane ruwa.

Wani zai ce ai su suka kai kansu, da kuɗinsu, babu wanda ya tilasta su. Wannan magana ce ta wanda bai zauna cikin mata ba. Yarinya tana tasowa tana jin ana cewa farar mace alkyabbar mata, tana jin samari suna cewa fara ko mayya ce, tana ganin idan an haifi jariri abin da 'yan barka suke fara dubawa shi ne kunnensa don su san ko zai yi duhu. Tana ganin ƙanwarta mai haske ta riga ta samun manemi, uwa ta fara damuwa, gwaggo ta kawo shawara. Idan ta yi aure, tsoron kishiya ya karɓe ta, kuma masu kayan mata sun san wannan tsoro sarai, da shi suke ciniki, shi ya sa tallarsu ba ta wuce a ce miki gyara kafin wata ta gyara ta shigo. Idan auren ya mutu, zawarci ya fi komai tsanani, domin a kasuwar aure bazawara mai 'ya'ya uku tana gasa ne da budurwa. Sannan ga waya a hannun kowa, wadda ke goge tabo ta ƙara haske ta rage hanci kafin a tura hoto, har ta kai amarya tana fargabar ranar da dangin ango za su gan ta ido da ido ba ta yi kama da hotonta ba. Maza kuma, waɗanda suka fi kowa tsine wa masu bilicin a majalisa, su ne suke saka mayukan a akwatin lefe, su ne suke tura wa matansu hoton wata su ce dubi yadda mata suke. Wasunsu ma sun fara shafawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne uwar da ke shafa wa yaro ɗan shekara biyu don kada dangin uba su fifita 'ya'yan kishiya a kansa, domin fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotse magani, kuma shi bai zaɓi komai ba.

Wannan matsin lamba ne ya sa ɓarnar take ɓoyuwa. Wadda allura ta ruɓar wa mazaunai ba za ta je ofishin 'yan sanda ta tuɓe ta nuna ba, sau da yawa ma mijinta bai san ta yi ba. Takan koma wurin wadda ta yi mata, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta a ce ta yi haƙuri jiki ne yake karɓa, har sai zazzaɓi ya kwantar da ita a kwaso ta zuwa Asibitin Murtala. A can ma sai ma'aikaciyar jinya ta yi ta lallashi kafin ta faɗi gaskiya. Idan ta rasu, a ce ajali, a yi jana'iza kafin la'asar, mai allurar ta sauya sunan shafinta ta ci gaba. Adadin da kowa ke ambata, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske, wanda ya shahara ta rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011, asalinsa wani bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas a 2002. Jiha mai ƙananan hukumomi 44, wadda kasuwanninta ke ciyar da Katsina da Jigawa har Maraɗi da Damagaram da irin waɗannan kaya, ta cancanci ta riƙe nata lissafin maimakon aron na wasu na sama da shekara ashirin da suka wuce.

Babban roƙona, ranka ya daɗe, guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. Ma'aikatarka ta fito ta faɗa a rubuce, da Hausa da Turanci, cewa duk aikin da zai huda fata ko ya shigar da wani abu cikin jijiya ko tsoka aikin asibiti ne, ko da sunan kwalliya aka yi shi, kuma ba a yin sa sai a wurin da PHIMA ta yi wa rajista, a hannun wanda ke da lasisin aiki mai rai. Dokar ƙasa ta riga ta haramta wa wanda ba likita ba ya yi aikin likita, abin da ya rage shi ne a ce wa wata hukuma guda wannan gonarki ce. Idan dokar da ta kafa PHIMA ba ta ambaci gidajen gyaran jiki ba, a kai gyara Majalisar Dokoki. Jihar da ta iya yin dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024 ba za ta gaza wannan ba. Neman masu laifin kuma ba ya buƙatar dogon bincike, tun da su da kansu suke wallafa adireshi da bidiyon ledar ruwa tana ɗiga. Ma'aikaci ɗaya mai waya zai iya tattara sunayen shafukan cikin mako guda. Ina kuma roƙon a dubi cikin gida, domin ba duka masu jona ruwan ne jahilan aikin ba. Akwai ma'aikatan lafiya da ke tashi daga aiki su je su yi wannan a gidaje don neman ƙarin kuɗi, kuma waɗannan suna da majalisar da za ta iya karɓe lasisinsu idan aka kai sunansu.

Kamen kaɗai, idan aka tsaya a kansa, zai kora sana'ar ne cikin ɗaki. Dole a buɗe wa matan da suka riga suka shiga ƙofar fita. A ware rana guda a mako a manyan asibitocin jiha, a ɗakin da ba a rubuta masa sunan da zai kunyata mai shiga ba, inda mace za ta zo da robar man da take shafawa ko ƙwayarta a duba jininta da sugarta da ƙodarta, a janye mata maganin a hankali, ma'aikata mata su karɓe ta ba tare da gori ba. Na san halinmu mu ma'aikatan jinya, bakinmu yana da kaifi, kuma kalma ɗaya ta izgili ta isa ta hana mata goma zuwa. A samar da lambar waya da za a kai rahoto ba tare da bayyana suna ba, a kuma umarci asibitoci su riƙa rubuta duk wadda aka kawo da illar allurar kwalliya ko man bilicin a matsayin abin da yake, su aika wa ma'aikata duk wata. Daga nan ne lissafin Kano zai fito.

Game da talla, dokar 2022 ta ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ta shafi tallace-tallacen kafafen sada zumunta, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta jiha tana da iko a kan 'yan wasan da mabiyansu suka kai miliyoyi. Jarumar da ta karɓi kuɗi ta ce wa 'yan mata wannan allura ce sirrin haskenta, ya kamata ta san akwai wanda zai kira ta ya tambaye ta lambar rajistar abin da take tallatawa. Gidajen rediyon da ke sayar wa masu maganin ƙarin hips awa guda suna faɗin abin da suka ga dama, su ma a zauna da su. Malamanmu kuwa sun daɗe suna karanta mana ayar Suratur Rum da ta ƙidaya saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, amma huɗubar takan sauka ne a kan mata kaɗai, alhali masu zama a sahun Juma'a su ne masu haɗa lefe. Idan ma'aikatarka za ta ba limamai da malaman Islamiyya takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana abin da clobetasol da dexamethasone suke yi wa jiki, ta roƙe su su fuskanci maza da iyaye mata da ita, za ta isa gidajen da jami'in hukuma ba zai taɓa shiga ba.

Su ma masu gyaran jiki na gaskiya, masu dilka da lalle da kitso waɗanda ke ciyar da marayu da wannan sana'a, kada a haɗa su da masu sirinji a yi musu kuɗin goro. A kira shugabanninsu, a yi musu rajista mai sauƙin kuɗi, a ba su takardar da za su liƙa a ƙofa wadda ke cewa a nan ba a allura ba a ƙarin ruwa, domin uwar amarya ta san inda za ta kai 'yarta. Su ne suka fi kowa sanin wace ce ke jona ruwa a kowace unguwa, kuma idan suka ga hukuma ta ɗauke su abokan aiki za su faɗa. Ina roƙon a yi wannan zama kafin bukukuwan bayan Sallah da na ƙarshen shekara, lokacin da ake fi kai amare gyara.

Allah Ya taimaki mai girma Kwamishina, Ya ba ka ikon sauke amana.

Wassalam,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ungozoma, Kano